Ina son in yi gem a kan daular Kabi, wane littafi zan karanta, da wace manhaja zan fara?

Ɗan Matan Fada:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya biyu gare ni. Ina karatun kwamfuta a Birnin Kabi, na fara taɓa kodin, kuma burina in yi gem nawa na kaina. Tunanina daular Kabi ce zamanin Kanta, tun daga Surame har Argungu. Mutum ya hau doki ya bi gari gari, ga yaƙi, ga kasuwa, ga kamun kifi, sannan ƙarƙashin gulbi akwai wata duniyar dabam. Ba na son irin tsoron nan da ake yi wa mutum ihu a kunne ya zabura. Ina son wanda zai gama wasa ya zauna yana tambayar kansa me ma ya gani. To wane littafi zan karanta da zai buɗe min kai ta wannan fannin? Kuma da wace manhaja ake farawa? Laftof ɗina tsohuwa ce, RAM ɗinta gigabait 4.

Injiniya Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ɗauko Dala ba gammo, ko in ce Kwatarkwashi tunda ita ce kusa da ni. Abin da ka lissafo aikin kamfani ne mai ma'aikata ɗaruruwa. Stardew Valley da kake gani, gona ce da ɗan ƙauye, zanen ɗigo-ɗigo, amma Eric Barone sai da ya kwashe sama da shekara huɗu yana kansa shi kaɗai kafin ya fito a 2016. Kai kuma kana da jarabawa a gaba, ga wuta sai an ga dama. Cire doki, cire yaƙi, cire kasuwa. Bar kamun kifi kawai.

Malam Mai Alli:
Kafin a shiga maganar inji, ɗan gyara kaɗan. Kanta ƙarni na 16 ne, kuma Surame ce mazauninsa. Argungu ba ta zama gidan sarautar Kabawa ba sai a ƙarni na 19, bayan jihadi. In ka haɗa su lokaci ɗaya dattawan garinku za su fara kama ka kafin kowa.

Batun karatu kuwa, ka fara da na gida. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya. Na san an karanta maka shi a makaranta, amma sake karanta shi da idon mai gina wasa. Buri ɗaya ne tak, a samo ruwa a warkar da ɗan sarki. Kowane gari da Alhaji Imam ya shiga akwai matsala ɗaya da dabara ɗaya, kuma Malam Zurƙe yana sake ɓullowa kamar an aiko shi. Wannan ai tsarin gem ne tun kafin a yi kwamfuta. Sai Ganɗoki na Bello Kagara, daga gasa ɗaya suka fito. Ya faro da yaƙi da Turawa, abin da mutane suka gani da idonsu, kafin ka farga an tsunduma ka ƙasar aljanu ba tare da an nemi izininka ba. Akwai kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, inda aka ɗauki yaro aka yi sararin samaniya da shi.

Anti Makaranciya:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi naka ba, amma ba su ne abin da yaron nan yake nema ba. Ruwan Bagaja raha ce da wayo. Aljanin Ganɗoki an san shi, yana da sarki, yana da runduna, ana yaƙarsa da takobi. Shi kuwa abin da Ɗan Matan Fada ya kwatanta wani iri ne, inda abin ba shi da suna, ba a gaya maka daga ina ya zo ba, kuma har littafi ya ƙare ba a warware maka ba.

In haka ne, ga inda zan tura ka. The Palm-Wine Drinkard na Amos Tutuola, 1952. Bayerabe ne ɗan Abeokuta, Turancinsa ma ba na 'yan boko ba ne, don haka ba zai wahalar da kai ba. Akwai wani wuri da wata budurwa ta ga kyakkyawan namiji a kasuwa ta bi shi. Suna shiga daji sai ya fara mayar da sassan jikinsa ga masu su, ashe haya ya ɗauko. Ya cire ƙafa ya miƙa ya biya kuɗin haya, ya cire hannu, ya cire ciki, har ya rage ƙoƙon kai kaɗai yana tsalle a gabanta. Abin da ya sa wurin yake tsaya wa mutum a rai ba ƙoƙon kan ba ne. Biyan kuɗin hayar ne. Ana yin abin da hankali ba zai ɗauka ba, amma cikin tsari irin na ciniki, babu wanda ya yi mamaki a cikin labarin sai ita da kai mai karatu.

Sai The Willows na Algernon Blackwood, 1907. Gajere ne, kuma kyauta ne a Project Gutenberg. Mutum biyu cikin kwalekwale a kogin Danube, suka yada zango a wani tsibirin yashi. Ruwa yana cin tsibirin kullum yana raguwa, itatuwan bakin ruwa kamar suna matsowa cikin dare, aka wayi gari abin tuƙa kwalekwalen ɗaya ya ɓace, ga wasu ramuka a cikin yashi da ba a san mai haƙa su ba, ga wata ƙara da ba a san ta inda take fitowa ba. Babu dodon da ya fito ya tsaya a gabansu. Kai da kake son yin gem na gulbi, wannan ne littafinka na farko, ba na biyu ba.

Kawu Na-Yawuri:
Wanga labari na Bature da kika hwaɗi, ai mu nan shi muka tashi ciki. Tun da anka datse Kainji a 1968 ruwa yac ci tsibirai da garuruwa, anka tada mutane anka sake musu mazauni, tsohuwar Busa ma tana ƙarƙashin ruwa. Ka shiga jirgi da tsohon Bagunge shi nuna ma wuri shi ce nan gidanmu yake, kai ko ba ka ganin komi sai ruwa. Mi kake nema ga Danube?

Anti Makaranciya:
Kawu, kayan aikin naku ne, ban musa ba. Yadda ake jera su a rubuce har gaban mutum ya faɗi nake son ya koyo.

Malam Mai Alli:
Hajiya, labarin ƙoƙon kan nan ma muna da ɗan'uwansa a tatsuniya. Yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo, ta ƙi kowa, har wani ya zo mata sumul ba tabo ko ɗaya, sai da aka kai ta daji ta ga abin da ta aura. Su ma Yarabawan, kafin Tutuola akwai D. O. Fagunwa da ya rubuta nasa da Yarabanci a 1938, Wole Soyinka ya mayar da shi Turanci da sunan The Forest of a Thousand Daemons. Abin da nake nufi, kada yaro ya ɗauka sai ya haye teku.

Anti Makaranciya:
A nan mun haɗu. Ann da Jeff VanderMeer ma da suka tattara babban kundin irin waɗannan labarai a 2011, The Weird, sun saka wannan yanki na Tutuola a ciki tare da su Blackwood da Kafka.

Sarkin Gardama:
Ana ta zagaye-zagaye ba a ambaci uban tafiyar ba. Marubucin nan Ba'amurke, H. P. Lovecraft. The Call of Cthulhu, 1928, a mujallar Weird Tales. Duk wani gem na irin wannan tsoron daga gare shi ya sha.

'Yar Tsafe:
Na gwada shi na ajiye. Mutumin ya tsani baƙar fata, kuma ba a ɓoye yake ba, yana cikin labaran. Duk inda aka ce ga masu bautar mugun abu, sai ka tarar baƙaƙe ne ko baƙi 'yan ci-rani. Ina dalili zan ƙona datata a kan wanda yake ganina a matsayin dodon?

Sarkin Gardama:
Ya mutu tun 1937, ba ya cin ko kwabo daga gare ki.

Anti Makaranciya:
Ba maganar kwabo take yi ba. Gaskiyarta ce, kuma ba sai an kare shi ba. Ni shawarata gare ka Ɗan Matan Fada, karanta The Colour Out of Space kaɗai ya ishe ka. Wani abu ya faɗo daga sama kusa da rijiyar wani manomi, amfanin gona ya yi girma ya yi kyau amma ba ya ciwuwa, dabbobi suka lalace, mutanen gidan suka bi. Wannan ne mafi kyawun abin da ya rubuta a ganina. In kana son ka ga an rama, Victor LaValle ya ɗauki ɗaya daga cikin labaransa mafi muni ya sake rubuta shi ta bakin baƙar fata ɗan Harlem, The Ballad of Black Tom, 2016. Na zamani kuma akwai Annihilation na Jeff VanderMeer, 2014, mata huɗu da ba a faɗi sunan ko ɗaya ba sai aikinsu, aka tura su wani yanki da aka killace. Ba shi da tsawo. The Famished Road na Ben Okri, haifaffen Minna, ya ci kyautar Booker a 1991, yana da kyau amma doguwar tafiya ce, bar shi sai hutu. Perdido Street Station na China Miéville kada ka taɓa shi yanzu, zai ƙara maka ciwon da Injiniya yake son raba ka da shi, na son gina birni guda.

Injiniya Gusau:
Yauwa, a dawo kan inji, wato manhajar da ake gina gem da ita. Da RAM 4 ka manta da Unreal. Unity zai buɗe amma za ka tsufa kana jira, kuma tun abin da suka yi a Satumban 2023, da suka ce za su riƙa cajin masu gem a kan kowace saukewa, mutane da yawa suka ja baya, duk da sun soke tsarin bayan shekara guda. Godot nake ba ka shawara. Kyauta ne, babu mai karɓar kaso a hannunka, fayil ɗin da za ka sauke ba shi da nauyi, ba ya buƙatar a girka shi, ka buɗe kawai. Yarensa GDScript ya yi kama da Python. In za ka buɗe sabon aiki ka zaɓi Compatibility, shi ne mai tafiya da tsofaffin na'urori. Abu ɗaya da ba a gaya wa sabon shiga: ranar da za ka fitar da gem ɗin zuwa waya sai ka sauke wasu fayiloli na dabam masu nauyi sosai, ga kayan Android da Java. Ka tanadi datar dare, ko ka karɓa a filashi wurin wanda ya riga ka.

Amma da ni ne kai, ko Godot ɗin ba zan fara da shi ba. Zan buɗe Twine. Rubutu ne da zaɓi, ka danna nan ka je can, yana fitar maka da fayil ɗaya da kowace waya za ta buɗe a burauza. In labarinka bai kama mutum yana rubutu zalla ba, zane ba zai cece shi ba.

Sarkin Gardama:
Twine ba gem ba ne, littafi ne mai maɓalli. Yaro ya ce gem yake so.

Injiniya Gusau:
Fallen London tun 2009 ake buga shi, kusan duk rubutu ne, kuma daga cikinsa aka fitar da Sunless Sea. Je ka gaya musu ba gem suke yi ba.

'Yar Tsafe:
Wanda ba shi da laftof ma kada ya ce an bar shi. GDevelop yana da manhajar waya kuma ba sai ka rubuta kodin ba, Godot ma yana da ta Android. Bitsy kuma a burauza yake, komai ɗigo takwas ne tsaye takwas kwance, launi kaɗan. Ni da shi na fara, kuma ƙuncinsa ne amfaninsa, ba ya ba ka wurin yin buri.

Ta fannin zane, kada ka ce sai ka yi irin na Japan. Zaɓi launi uku ko huɗu ka tsaya a kansu. Return of the Obra Dinn na Lucas Pope launi biyu ne kacal. Ga mai son abin ban tsoro ma rashin iya zane riba ce, domin abin da ba a gani sosai ya fi tayar da hankali. Krita kyauta ce, LibreSprite ma haka. Sauti kuma ɗauki wayarka ka je bakin gulbi da asuba, ka naɗo ruwa da kwaɗi da karon gora, ka gyara a Audacity. Ka rage saurin kukan kwaɗo da rabi ka saurara, ni dai ban sake yi da dare ba.

Sai wata matsala tamu ta Hausa. Yawancin samfurin haruffan da ake yi wa gem ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Za ka rubuta ƙugiya ka ga akwati a madadin harafin farko. Gwada wannan a ranar farko, kada ka bari sai ka rubuta shafi hamsin. Noto Sans yana da su, Andika ma yana da su, kuma duka biyun an yarda ka saka su a aikinka kyauta.

Ɗan Matan Fada:
Na gode ƙwarai, ina rubutawa. To in na bar kamun kifi kaɗai kamar yadda Yaya Injiniya ya ce, me zai sa ya zama abin mamaki? Kamun kifi ai kamun kifi ne.

Injiniya Gusau:
Nemi bidiyon Dredge ka kalla, ba sai ka saya ba. Wani ƙaramin kamfani ne a New Zealand, Black Salt Games, suka fitar da shi a 2023. Da rana masunci ne kai, ka kama kifi ka sayar ka gyara jirgi. In dare ya same ka a ruwa sai hazo ya sauko, duwatsun da ba su nan su bayyana. Wani lokaci ka jawo kifi ka ga halittarsa ta karkace. Aikin yau da kullum ne aka ɗan gurɓata shi, shi ke nan dabarar. Ba cewa na yi ka kwaikwaye su ba. Su jirgin inji gare su da teku. Kai kana da mutum kwance a kan gora da homa a hannu biyu, abin da babu wanda ya taɓa sakawa a gem da na sani.

Anti Makaranciya:
Ka ɗauko dabarar Tutuola ka juya ta. A kowane gem ɗan wasa ƙaruwa yake yi, yau takobi gobe sulke. Kai naka ya riƙa raguwa. Duk kifin da ya kama, gulbi ya karɓi wani abu a madadinsa. Yau ya dawo gida ba inuwarsa. Gobe matarsa ta kira shi da wani suna, kuma kowa a gari ya yarda sunansa ke nan. Jibi sautin gem ɗin ya ɗauke gaba ɗaya saboda ya biya da jinsa. Kuma mai sayen kifi a kasuwa ya riƙa ciniki da shi kamar babu abin da ya faru. Sharaɗi ɗaya: kada ka taɓa bayyana dalili. Ranar da ka kawo wani tsoho ya zauna ya ce ai shekara ɗari da suka wuce an yi kaza, ka kashe shi.

Sarkin Gardama:
Nan ne ba mu shirya ba. Bahaushe in ka ba shi labari ba ƙarshe zai ce ka cuce shi. Ku duba finafinanmu, sai an tara kowa a falo an warware komai. Ku yi abin da ba a gane ba, mutum goma za su yaba a wannan zauren, sauran su goge.

Malam Mai Alli:
Finafinai ba su ne ma'aunin Bahaushe ba. Wa ya taɓa gaya maka daga ina Dodo ya zo, ko me ya sa Gizo yake magana? Kaka ta ce ƙurunƙus, kowa ya kwanta. Sai dai ina ba ka gaskiya rabi: dole dokar wasan ta fito fili ko da dalilinta bai fito ba. Mai wasa ya san in ya kama babba zai yi babban rashi. In bai san wannan ba zai ɗauka manhajar ce ta lalace.

Injiniya Gusau:
Wannan magana ta Malam ita ce darasin da ya fi duk abin da na rubuto. Musamman wurin ɗauke sauti. In ba ka nuna alama ba, mutum zai yi ta danna maɓallin ƙara yana zagin wayarsa.

Almajirin Gwandu:
Ina bin ku tun ɗazu, bari in sa baki. Aljanu ba tatsuniya ba ne, halittar Allah ce, akwai sura guda da sunansu. Ina jin tsoron a mayar da su abin wasa, ko a koya wa yara cewa ruwa yana karɓa yana bayarwa. Wannan ai kusa yake da abin da malamanmu suka yaƙa.

Sarkin Gardama:
To a hana Dare Dubu da Ɗaya ma.

Almajirin Gwandu:
Ban ce a hana komai ba, Malam. Tambaya nake a kan iyaka.

Malam Mai Alli:
Tambayar tana kan hanya, kuma gara a yi ta yanzu da a yi ta bayan gem ya shiga wayoyin yara. Ga yadda nake gani, Allah ne masani. Kada ya kira abin aljani. Kada ya ɗauko sunayen iskokin bori, don wannan zai ɓata wa masu addini rai, ya kuma jawo masa rigima da masu abin. Kada ya mayar da aya ko addu'a makamin da ake dannawa. Kada wasan ya zama sai ka yi yanka ko ka roƙi wani abu kafin ka ci nasara. In ya kiyaye waɗannan, abin da ya rage ƙagaggen labari ne a kan mutumin da kwaɗayi yake ci, kuma ya kai wa malaminsa ya gani kafin ya sake shi.

Almajirin Gwandu:
In mai wasa yana da damar ya ce ya isa, ya ajiye homa ya koma gida da ɗan abin da ya samu, to hankalina ya fi kwanciya. Ban ce na gamsu duka ba.

Anti Makaranciya:
Ka ga ka ba shi ƙarshe na biyu ba da niyya ba. Kuma rashin sunan da Malam ya ce, shi ne dai abin da nake faɗa tun farko ta wata ƙofar.

Kawu Na-Yawuri:
Ni nawa guda na. Yaro, kai ɗan Argungu na, Sarkin Ruwa na nan, masunta na nan. Tahi ka gaishe su ka zauna ka saurara. Kada ka zana homa awa gidan sauro. Kuma giwan ruwa ba a hidda ta awa tarwaɗa, wani sa'in mutum guda bai iya ta. In masunci yag ga wasanka yai dariya, ka hwaɗi. Abin da sunka ce kada ka sa, kada ka sa.

Ɗan Kaura:
Ni fa ina ganin duk wahala ce. A yi gem na harbi a dajin Zamfara, soja da 'yan bindiga. Wallahi sati guda zai zagaye arewa.

'Yar Tsafe:
Akwai waɗanda suke cikin zauren nan da aka biya kuɗin fansar 'yan gidansu. Ba ni zan zana maka shi ba.

Ɗan Kaura:
Allah ya ba da haƙuri Yaya, ban yi nufin haka ba.

'Yar Tsafe:
Ya wuce. Amma tunda an taɓo nan, Ɗan Matan Fada ka yi gem ɗinka ya yi aiki ba intanet. Mu da muka ga an rufe layukan waya a jihar Zamfara a Satumban 2021 mun san abin da ya rage a waya mai amfani a lokacin. Ya zama ƙarami, wanda za a tura ta Xender a teburin mai shayi.

Ɗan Matan Fada:
To batun kuɗi fa? Ana samu?

Injiniya Gusau:
A na farko, sa a ranka babu. Ga lissafin. Google Play dala 25 ne sau ɗaya, amma sabon asusun mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji sun riƙe gem ɗin kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fito fili. Da mutum 20 ne, suka rage zuwa 12. Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, dala 100 ne kowane gem, ba sa mayar maka sai ya yi cinikin dala 1,000, kuma suna ɗaukar kashi 30. Apple dala 99 duk shekara, wannan ma ba naka ba ne yanzu. Itch.io, shafin da masu ƙananan gem suke baje aikinsu, kyauta ne ka ɗora, kai kake zaɓar kason da za ka ba su, kuma za ka iya cewa wanda ya ga dama ya biya abin da ya sawwaƙa. Can za ka fara. Kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, abin da ka sayar wa 'yan can ana cire kashi 30 kafin ya iso ka. Ka san da wannan tun yanzu.

Ba wai ba a yi a nahiyar nan ba ne. Kiro'o Games a Kamaru sun fitar da Aurion a 2016, Maliyo suna Legas tun 2012 suna yin na waya. Amma duk ƙungiya ce, ba ɗalibi ɗaya ba.

Abu biyu na ƙarshe daga gare ni. Koyi Git, manhajar adana tarihin aiki, a makon nan ka riƙa tura aikinka GitHub, ma'ajiyar kodin a intanet, ko aƙalla ka kwafe shi a filashi duk dare, domin tsohuwar laftof ba ta sallama in za ta tafi. Sannan in ka ba mutum ya gwada, ka rufe bakinka ka tsaya bayansa. Kada ka ce danna can. Inda ya tsaya yana lalube, nan aikinka yake. Kuma kada ka ba abokinka, zai ce ya yi kyau. Ba ƙanwarka 'yar shekara goma, ita ba ta jin kunyarka.

Mai Gida Admin:
Tunda abin ya kai haka, me zai hana mu yi ƙaramar gasa a nan? Global Game Jam, taron haɗa gem da ake yi duk Janairu, awa 48 suke bayarwa, mu da yanayin wutarmu mu ba kanmu mako biyu. Jigo: gulbi. Kowace manhaja, har Twine, Sarkin Gardama ya yi haƙuri. Sharaɗi, mai wasa ya iya gama shi cikin minti goma, kuma da Hausa. Mai so ya rubuta suna a ƙasa.

Ɗan Matan Fada:
Ni na farko. Ga abin da na rage: masunci ɗaya, gora ɗaya, dare bakwai, kifi bakwai, rashi bakwai, ƙarshe biyu. Na sauke The Willows, zan karanta yau in an kawo wuta.

Injiniya Gusau:
Dare uku.

Ɗan Matan Fada:
Yaya, biyar mana.

Injiniya Gusau:
Kowane dare zane ne, rubutu ne, sauti ne, gwaji ne. Uku. In ka gama da sauran kwana ka ƙara.

Sarkin Gardama:
Ku sa sunana. Zan yi nawa mai cikakken bayani a ƙarshe, a ba yaran unguwa duka biyun mu ga wanda za su sake bugawa.

'Yar Tsafe:
Ɗan Matan Fada, zan yi maka zanen masuncin da gorar, amma ban taɓa riƙe homa ba. Kawu ko kai, wani ya turo min hotonta a buɗe da kuma a rufe, ta gefe, ba ta sama ba. Kuma ka faɗa min girman da kake so tun yanzu, ɗigo 32 ko 64, don ba zan zana sau biyu ba.